Haƙorin Tsaga Kaba

'Yan matan gidanmu na Runjin Sambo, in sunka dawo makaranta sunka tarar da ni bakin ƙofa da faifai bisa cinya, sai wata ta ce, "Yaya Luba, ke kam kin huta. Aikinki a zaune, cikin inuwa." Rannan na gaji da ji, na miƙa wa Zainabu, ƙanwar maigidana, basilla da faifan da nake ɗinki, na ce bisimilla. Ba ta kai ko'ina ba ta soke ɗan yatsa, ta yi tsalle tana yarfe hannu, sauran na ta dariya. Na ce mata ai wannan mai sauƙin ne kinka taɓa. Mai wuyar a baki yake.

Saboda su nake wannan rubutu, duk da karatuna bai yi nisa ba. Gobe in Allah ya kai mu za a yi mini aikin dasashi, kuma likita ya ce daga nan kaba ba ta ƙara shiga bakina. To gara in faɗi yadda ake yi tun bakina yana tune.

Faifan da na fara ɗinkawa bai zama faifai ba. Ina yarinya sosai anka kai ni riƙo wajen Gwaggo Kulu, yayar babana, a Ƙofar Rini, ita ce ta koya mini. Ta kafa mini cibiya, wato ɗan kewayen nan na tsakiya inda ake farawa, ta ce in ci gaba. Ana ɗora ciyawa siririya kamar igiya, a huda zagayen baya da basilla, a zura kaba a jawo, ta naɗe ciyawar, haka har faifai ya yi faɗi. Ni kuwa don in burge ta sai na dinga ja da ƙarfi. Gefe ya yi ta tashi sama, har abu ya koma kamar akushi. Gwaggo ta juya shi, ta kife mini a ka, ta ce, "To, malfa kinka yi. Tahi ki gwada ma babanki." Haka na yini da shi a kai. Tun ranar na san cewa ja yana da iyaka: ka matse faifai ya yi kwano, ka sassauta ya yi lagwai-lagwai kamar tsumma, tsaki ya dinga zuba in ana bakace.

Kayan aikin ba su da yawa. Basilla, ƙwaryar ruwa, jiƙaƙƙen tsumma na naɗe kaba don kada zafin Sakkwato ya busar da ita kafin a gama, sai tukunyar rini. Basillar Gwaggo, ƙotarta ta yi sumul har tana ƙyalli, ba ta ba kowa aro, ko ni. Amma babban kayan aiki, wanda ba a saye kasuwa, haƙori ne.

Kaba ba ta zuwa a shirye. Ganye ne mai faɗi na ƙananan goriba, kuma wadda ake so ita ce ta tsakiya da ba ta buɗe ba, fara sol. A shanya ta a inuwa, a jiƙa, a cire ƙashin bayanta, sannan a tsaga ta siri-siri. Nan aikin yake. Za ki kama bakin ganyen tsakanin haƙoranki na gefe, ki ɗan cije, ki ja da hannu a hankali, sai ki ji ta tafi shuu, ta rabu. Ba ido ke auna faɗin ba, haƙori ne. Da daɗewa kabar tana cin haƙorin, ta yi masa ɗan gurbi, kuma daga nan duk tsagar da za ki yi faɗinta ɗaya, ko kina hira, ko kina kallon tukunya. Kowace mai ɗinki da nata gurbin. Shi ya sa in anka jera faifai a kasuwa, mai sani zai ce wannan na gidan wance ne, wancan na wance.

Ranar da nawa gurbin ya fito, Gwaggo ta sa na buɗe baki a tsakar gida, ta sa farce ta taɓa, ta ce da maƙwabciyarta, "Zo ki gani, ɗiyar ga ta zama mutum." Ta saya mini ƙosai. Ba wanda ya taɓa ce mana illa ce kaba ta ci haƙori.

Akwai wata Bafillata mai tallar nono, Hajjo, ita ce ta fara sayen faifaina. Ta ajiye ƙwaryarta a zaure, ta ɗauki faifan ta rufa, ta kwanta da kai tana duba ko ƙuda zai sami hanya. Sannan ta shafa ɗinkin da yatsa tun daga cibiya har baki, ta ce, "Kaɗo, wanga ba hannun tsohuwa ba na." Gwaggo ta ce na ɗiyarta ne. Hajjo ta ce to a gaya wa ɗiyar ta rage ja wajen baki, in ba haka ba damina na zuwa zai karkace. Gaskiyarta ce, ya karkace. Ta dawo da shi tana dariya, ta ce in gyara, kuma ta kawo mini man shanu a ɗan gwangwani. Har na yi aure ba ta sake mai faifai ba. In ta shigo gida warin nono da hayaƙi ke riga ta, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta yi ta tsokanar Gwaggo wai Hausawa sun iya rufe ƙwarya amma ba su iya cika ta ba.

Aikin da na fi tunawa na wata amarya ne daga gidan malamai. Uwarta ta ce ba ta son galurar kanti, rinin gargajiya take so, wanda anka yi mata lokacin nata auren. Gwaggo ta aika anka samo karan dafi, munka dafa, ja ya fito mai duhu kamar zoɓo. Baƙin kuwa bagaruwa ce da tsatsar ƙarfe. Tsakar gida ta cika da igiyoyi, kaba ja da baƙa da fara na lilo. Mu biyu muna tsaga, leɓunanmu sun rine, in munka dubi juna sai dariya. Gwaggo na tsaga tana ba da labarin mutanen da, kabar na bakinta, maganar na fita ta gefe guda, ban san yadda take yi ba har yau. Da anka yi jere munka je gani. Faifanmu ne reras bisa bango, mata na ɗagowa suna duba baya, don a bayan faifai ake gane mai ɗinki. Ba a ga kan kaba ko ɗaya ya leƙo ba. Yanzu amare robobi masu murfi suke so, ban ga laifinsu ba, sun fi sauƙin wanki. Amma fura a ƙarƙashin faifai tana shan iska, ba ta yin gumi.

Haƙoran Gwaggo ba rana ɗaya sunka tafi ba. Na tsagar ne ya fara girgiza, ta koma ɗaya gefen, shi ma ya bi. Ta ce tsufa ne, kowa ya ce tsufa ne. Kafin a kai ni ɗaki ba ta da abin kama kaba. Idonta garau, hannunta bai rawa, ɗinki kam har yau ba na kama ƙafarta, amma tsaga ta gagare ta. Ba ta haihu ba, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma Gwaggo ba mai zama a miƙo mata ba ce. Da faifan take sayen goronta da sabulunta, da shi take zuwa biki da suna da abinta a hannu. Sai ya zama ni ke tsaga mana mu biyu. Duk Juma'a in maza sun tafi masallaci sun dawo, maigidana ya ɗauke ni a kekensa, don haya yake yi da Keke Napep, ya sauke ni Ƙofar Rini da ƙunshin kaba cikin jiƙaƙƙen zane. Ko da na haifi Ummi, da na yi arba'in na koma. Haka munka yi shekaru.

Sai shekarar da kaba ta ƙi zuwa. Mutanen ƙauye da ke yanko ta sunka daina shiga daji saboda rashin zaman lafiya, wasu ma sun bar garuruwansu. Wanda muke saye wajensa, wani dattijo mai jaki, ba mu ƙara ganinsa ba, kuma ba wanda ya iya gaya mana inda yake. Abin da ake samu a kasuwa tsohuwar kaba ce, mai kauri, busasshiya, gefenta kamar zarto. Ko ta kwana a ruwa ba ta laushi. Mata da yawa sunka ajiye basilla sunka koma ƙulla gyaɗa. Ni ina da cikin Sadiƙu lokacin, dasashina ya kumbura da ma, ko asuwaki na sa sai jini. Na ci gaba da tsagawa, don in na tsaya Gwaggo ta tsaya.

Wata rana da hantsi ina tsaga, sai na ji wani abu ya shige tsakanin haƙori da nama, tsit. Na sa harshe, na sa tsinke, ban same shi ba. Na duba kabar da ke hannuna, farar ta yi ja. Na wanke ta na ci gaba. Daga nan wurin bai sake komawa daidai ba. Ya kumbura ya sace, ya kumbura ya sace. Na sa kanumfari, na kurkure da ruwan bagaruwa, wata ta ce in sa toka, na sa. Bayan na haihu naman ya fara janyewa, haƙorin ya yi tsawo kamar ba nawa ba, in na danna sai mugunya. Ummi ce ta fara faɗi, yaro ba ya ɓoye magana. Na sunkuya zan ɗaura mata ɗankwali ta kau da kai ta ce, "Mama, bakinki na wari." Da daren nan na gaya wa babanta.

Ɗakin likitan haƙori sanyi gare shi, ga kujera mai kwantawa da kanta, ga fitila a ka. Abin da na fara lura da shi tiren kayan aikinsa ne. Akwai wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa, in ba don ƙotar ba sai in ce basilla ce. Da shi ya dinga zurawa gefen haƙoran yana faɗa wa ma'aikaciyarsa wani abu da Turanci. Da ya zo kan na tsagar sai ya tsaya.

"Hajiya, me kike yi da wannan haƙorin?"

Daga jin "me" ɗinsa na san ba ɗan garin nan ba ne, don mu nan "mi" muke cewa. Na ce kaba nake tsagawa. Bai gane ba, sai da ma'aikaciyar, wadda kakarta ma ta yi sana'ar, ta kwatanta masa da hannu. Ya sake dubawa, ya ce bai taɓa ganin gurbi mai kyau haka ba, kamar da injin anka yi. Na ji daɗi, Allah ya sani. Sannan ya ce a yi hoto.

Da hoton ya fito ya nuna mini. Ya ce naman ya saki haƙorin ya yi rami, datti na taruwa can ƙasa inda buroshi ba ya kaiwa, har ƙashin da ke riƙe da haƙorin ya fara cinyewa, kuma abin ya soma taɓa na kusa da shi. Za a fara wanke haƙoran duka, in kumburi ya sauka sai a ɗaga naman a kankare ƙasan, a mayar a ɗinke.

Na ce, "Ɗinki? A baki?"

Ya ce ƙwarai, da zare.

Tambayoyin da na yi masa, da maigidana bai fita duba kekensa ba da ya ce na cika surutu. Na ce za a sa ni barci ne, don ina jin ana cewa wasu ba su farkawa. Ya ce a'a, allura ce a wurin kawai, idona biyu. Na ce ina shayarwa, allurar ba ta bin nono? Ya ce ya ji daɗi da na faɗa, zai zaɓi magungunan da ba su cutar da yaro, kuma kada in sha komai na kemis ko na gargajiya ban gaya masa ba. Na ce in Sadiƙu ya kai mini hannu a baki fa, don haka yake yi in yana shan nono. Ya yi dariya ya ce in riƙe hannun. Ya ce ranar aikin in ci abinci kafin in zo, in zo da wanda zai mayar da ni gida, in sami mai taya ni da yara. Bayan aiki ba tuwo mai zafi, ba yaji, ba ƙashi, sai kunu da ya huce da fura mai laushi, kuma kada in dinga tsotsar wurin ko taɓa ɗinkin da harshe.

Duk wannan na ɗauka. Sai na ce, "To yaushe zan koma tsaga?"

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Ba za ki koma ba. In kin koma, aikin banza muka yi. Wannan haƙorin zai fita, na kusa da shi su bi. Shekarunki nawa? Ki yi amfani da reza mana."

 Mutum ne mai kirki, kuma gaskiya ya faɗa.

An yi wankin, na sha ƙarar injin har cikin ƙwaƙwalwa. Na bi duk abin da anka ce. Zainabu ta yarda za ta riƙe yara, na daka gero na ajiye na kunu, na wanke kayan yara kaf don kada su taru. Na sayi reza kuma. Kaba mai kyau ta dawo kasuwa bana, fara, mai laushi, irin wadda in kin ɗauka bakinki ke tara yawu da kansa. Na zauna da ita da reza. Reza ba ta san kaba ba. Haƙori yana bin jijiyar ganyen, ita kuwa reza inda ta ga dama take bi. Wata tsagar ta fito da faɗi, wata kamar gashi, wata ta fara daidai ta ƙare a tsinke. Sau da yawa ina ankara sai in ga hannuna ya riga ya kai kabar bakina, in fizge. Na yanke yatsa, na ɓata dami guda kafin in sami abin da zan iya ƙunsawa.

Juma'ar nan da ta wuce na tafi Ƙofar Rini. Ban gaya wa Gwaggo komai ba tun farko, ta san dai ina ciwon baki. Na same ta bisa tabarma a ƙofar ɗakinta, faifai rabi a gabanta, kabarta ta ƙare tana jirana. Munka gaisa, ta karɓi Sadiƙu ta yi masa wasa, ta ce mijin nata ya yi ƙiba ba ya kawo cefane. Sannan ta jawo ƙunshin ta kwance. Ba ta ko duba ba. Ta zari ɗaya ta ja ta tsakanin yatsu biyu, ta zari wata.

"Wa at tsaga wagga?"

Na ce ni ce.

"Da mi?"

Na ce da reza.

"Mi as sami bakin naki?"

Nan na gaya mata duka, da ramin, da hoton, da ɗinkin, da abin da likita ya ce. Na ce, "Gwaggo, in kin ce in bari, sai in bari. Ko kuma a yi aikin, in ya warke in dinga tsaga miki ke kaɗai, kaɗan-kaɗan, ta ɗaya gefen. Ba wanda zai sani."

 Ta miƙo mini Sadiƙu. Sai ta matso, ta buɗe bakinta gaba ɗaya a gabana, abin da ba ta taɓa yi ba, don ko dariya za ta yi sai ta sa gefen mayafi. Ba komai ciki sai nama.

"Duba da kyau," in ji ta. "Kin gani? Layyar nan, naman da kunka aiko man, ƙwace-ƙwace yara sunka yi da shi. Ni romo nish sha. Da can anka sami mai ce man in bari, ban san ko ina bari ba. Amma ke an ce miki. In kinka sake sa kaba bakinki don ni, ban yahe ba."

Na ce to ita fa, da mi za ta yi ɗinki.

"Da wagga mana. Ba kaba ba ta?"

Ta zazzage ƙunshin bisa tabarma, ta shiga warewa tana mita. Masu faɗi gefe guda, ta ce na baki ne. Sirara gefe guda. Waɗanda sunka tsinke ta jefo mini a cinya ta ce in kai wa likitan ya ɗinka mini da su. Ta lashi kan ɗaya, ta huda da basilla, ta zura, ta ja. Sabon ɗinkin ya zauna kusa da na baya, kuma ko daga inda nake ina ganin inda nawa haƙorin ya tsaya da inda reza ta fara. Ita ma ta gani. Ta shafa wurin da babban yatsa, ta ci gaba.

Da na tashi tafiya ta ce, ba ta ɗago kai ba, "In ya gama, ki sa a ba ki madubi ki duba man ɗinkin nai. In ya matse da yawa ki hwaɗa mai ya sassauta. Kuma Juma'a mai zuwa kar ki zo, ki kwanta. Ta sama ki zo da kaba, ki riƙa rezar a kwance, ba a tsaye ba."

Na ce ashe ta taɓa gwadawa.

Ta ce, "Tahi, mijinki na jira."